A Ɗaga Akumari A Duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka in yi magana a kan wata dabba da sunanta ba ya fitowa a bakin mutane sai in za a zagi wani. Jaki nake nufi. Na san akwai mai karatun da zai ce tsohon nan ya rasa abin yi, ana fama da tsadar hatsi da masu garkuwa da mutane, shi kuwa yana ta jaki. Ba zan ga laifinsa ba. Sai dai ya tambayi maginin da ya yi masa ɗaki a bayan wa yashin bulonsa ya zo.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Na yi shekara 32 ina aiki kafin in yi ritaya, yanzu ina zaune a yankin Gumel, kuma kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba ta wuce ni sai da babban uzuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a ƙofar gidana ya faru, watan jiya.

Maƙwabcina yana gini, wani yaro yana kawo masa yashi da jakuna uku daga wani kwari a bayan gari. Yaron ba zai wuce shekara 15 ba. Da hantsi ina zaune a tabarma ina jin rediyo, sai ɗaya daga cikin jakunan, wani duni, wato baƙin jaki, ya zo daidai ƙofata ya durƙushe. Yaro ya hau shi da sanda, a ƙugu, a wuya, har a fuska. Jaki ko motsi.

Na ce, "Kai yaro, dakata. Me ya yi maka?"

Ya ce, "Baba, taurin kai ne da shi. Kullum in an kai sahu na shida sai ya yi mini haka."

Na ce, "Sauke mangalar."

Ya ce, "Baba, rana na yi."

Na ce, "Sauke, ni zan biya ka kuɗin sahun."

Muka kama muka sauke. Da na kai hannu zan ɗaga akumarin, sai na ji ya manne. Ashe ba ma akumari ba ne na gaskiya, buhun taki ne na leda aka cusa wa tsumma, gumi da yashi sun daskarar da shi ya koma kamar katako. Na ɗan jiƙa shi da ruwan buta na ɓanɓare a hankali. A ƙarƙashinsa, daidai ƙashin baya kusa da kafaɗa, akwai miki da ya kai faɗin tafin hannuna. An shafe shi da baƙin mai na inji, an barbaɗa baƙin batir a kai. Da na share, ga mugunya, ga tsutsa suna motsi a gefen raunin. Warin ya sa yaron da kansa ya ja da baya. Na tambaye shi rabon da ya cire akumarin nan ya duba. Ya yi shiru, can ya ce ai da shi jakin yake kwana, saboda in an cire da wuyar mayarwa, ba ya tsayawa.

Ban yi masa faɗa ba, domin da na bi ba'asi jakunan ba nasa ba ne. Haya ake ba shi. Kullum da yamma sai ya kai wa mai su balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, abin da ya ragu ne nasa da na mahaifiyarsa. In jaki ya huta yini ɗaya, bashi ya hau kan yaro. In ya rage yashi a mangala, mai gini ya ce an cuce shi. Mai jakuna yana gida yana jiran kuɗi, mai gini yana ƙirga sahu, yaro yana tsakiya da sanda, duk kuma nauyin a kan ƙashin bayan nan yake sauka.

Bari in yi wa masu karatu ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Jakin ƙasarmu nauyinsa bai cika wuce kilo 150 ba, da yawa ma ba su kai ba. Abin da masana suka yarda ya ɗauka a baya shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wato kamar kilo 50, buhun siminti guda ke nan. Mangalar jiƙaƙƙen yashi da muka sauke rannan sai da muka haɗu mu biyu muna nishi. Masu ruwa kuma jarka huɗu suke ɗora masa, kowace lita 25, kilo 100 cif, ga yaro ya ɗare a sama. Jakin da ke aiki a zafin bazara yana bukatar abin da ya kusa jarka guda a yini don kansa. Na sha tsayawa a bakin famfo in ga jaki ya yi sahu biyar ko shida da ruwa, babu wanda ya tsiyaya masa ko a murfin bokiti. In ka yi magana a ce maka ai jaki yana da juriyar ƙishirwa. Gaskiya ne yana da ita, Allah ya yi shi dabbar hamada, kakanninsa na daji daga busassun ƙasashen arewa maso gabashin Afirka suke. Amma juriyar nan ita ta zame masa bala'i a hannunmu.

Doki in cikinsa ya ƙulle, unguwa duka sai ta sani: birgima, shure-shure, gumi. Akuya ƙaya ta soke ta, ta cika gari da kuka. Jaki ba ya nuna ciwo. Zai tsaya cik, ya sunkuyar da kai, kunnuwa su kwanta, ya sa baki a dusa kamar yana ci alhali ba ya haɗiya. Mu kuma mu ce taurin kai, mu ce lalaci. Duk jakin da ka ga ya ƙi abinci yini guda, to ka ɗauka ciwo ya riga ya yi nisa. Na taɓa buɗe cikin wata jaka da ta mutu bayan kwana uku tana irin wannan tsayuwar, na zaro dunƙulen leda da igiyar buhu da ya kai girman ƙwarya. Mai ita ya rantse mini da Allah lafiyarta ƙalau, ba ta ko yi kuka ba. A juji take kiwo, don ba ya iya saya mata harawa.

A nan dole in faɗi laifin kaina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekaru 32 ɗin nan, shanun da na yi wa allura Allah kaɗai ya san yawansu. Na yi yawon rigakafin bushiya, na yi na ciwon huhu, na yi na tumaki da awaki. Jakunan da na duba a bakin aiki, ina jin da zan zauna da na ƙirga su. A makaranta an koya mana saniya daga ƙaho har wutsiya, an taɓa doki saboda sarakuna da hawan salla, jaki kuwa a ƙarshen darasin doki ake ambatonsa, a ce mana ƙaramin doki ne, alhali ba haka ba ne, ko awon wasu magungunan nasu ya bambanta. A ofishin da na yi aiki, takardar rahoton wata tana da gurbin shanu da tumaki da awaki da kaji, jaki sai dai a cusa shi a "sauransu". Dalilin a fili yake: ba ma cin namansa, ba ma tatsar nononsa, ba a layya da shi, ba ya cikin kayan aure. Masu shi kuma talakawa ne da ke jin kunyar jawo shi asibitin dabbobi, kada a yi musu dariya. Na tuna wani dattijo da ya taɓa kawo nasa, haƙora sun sarƙe, jiki ya sandare saboda ƙusa da ya taka. Abokan aikina suka yi ta zolayarsa, ni ma na yi murmushi, Allah ya yafe mini. Ciwon nan yana da rigakafi, amma ba mu taɓa ajiye shi don jaki ba. Da annobar murar dawaki da jakuna ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta bi ta Sakkwato da Nijar da wasu ƙasashen yammacin Afirka, dubun dubatan jakuna suka mutu a Nijar kaɗai. Da shanu ne suka zube haka, da har yau ana maganar.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne da guminsa aka yi mini karatu. Kakana farke ne, tun yana saurayi ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, kayan duk a bayan jakuna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jakuna huɗu ya riƙe gidanmu, yana kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa da kaka, da rani ya kai taki gona. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, ba kowane buhu ba ne ya zo a mota. Baba ya san jakunansa kamar 'ya'yansa: auraki, da fari, da idabari biyu. In ya dawo da yamma, kafin ya sha ruwa sai ya kwance akumari ya shanya, ya bi bayan kowanne da tafin hannu, a hankali, yana neman wurin da ya yi zafi ko gashi ya fara zuba. In ya samu, gobe wannan ba shi da fita. Sai ya sake su su yi birgima a toka, ya ba su ruwan kanwa da dusa. Akumarinsa da kansa yake ɗinkawa, da tsohon gwado na auduga, ya bar kwarmi a tsakiya yadda nauyi zai zauna a kan haƙarƙari ta gefe biyu, kada ya taɓa ƙashin baya. Bai yi boko ba, amma abin da likitocin dabbobi ke koyarwa yau a kan shimfiɗar kaya, shi ke nan ba ƙari. Wata rana ya kama ni na bugi jaka mai ciki da kara a fuska. Dukan da na sha rannan har yanzu ina tuna shi.

Wannan sanin ne ya ɓace mana. Buhun leda ya maye gurbin gwado, igiyar roba ta maye gurbin ta rama, ga ta nan tana yanka ƙafa a wurin dabaibayi har ta kai ga jijiya. Amalanke kuma, maƙeri ya haɗa ta yadda ya ga dama, a ɗaura wa jaki yankin tayar mota a ƙirji, sandunan su kwanta a gadon bayansa babu shimfiɗa. A sa ɗan jakin da bai cika shekara biyu ba a aiki, alhali ƙashinsa ba ya ƙosawa sai ya kai uku zuwa huɗu, shi ya sa kake ganin baya ya lotsa kamar kwale-kwale. Dabbar da kan yi shekara 30 ko fiye in ta sami kulawa, a hannun masu yashi da wuya ta ga 15.

Yanzu kuma ga wuƙa ta shigo. Masu bibiyar labarai sun san zancen fatar jaki. A ƙasar Sin ana dafa ta a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiyawo, ana sha a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki, cibiyar sana'ar tana lardin Shandon. Jakunansu sun kai miliyan 11 a wajen 1990, zuwa 2021 ba su kai miliyan biyu ba, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila, mai kula da jin daɗin jakuna, ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara don wannan fatauci. Jaka kuwa wata 12 take yi da ciki, ta haifi ɗaya tal, ba kaza ba ce da za a ce a buɗe gona a ninka. Nijar ta farga da wuri: a 2015 jakuna 27,000 aka fitar daga ƙasar, a 2016 tun shekara ba ta ƙare ba an fitar da 80,000, sai gwamnati ta hana. Burkina Faso ma a shekarar ta hana. Kenya ta ba da lasisin mayanka huɗu, sata ta addabi ƙauyuka har mata suka fito zanga-zanga, aka rufe su a 2020. A nan gida, Honarabul Garba Datti Muhammad na Sabon Garin Zariya ya kai ƙudurin hana yanka jakuna da fitar da fatarsu gaban majalisar wakilai. A watan Satumban 2022 kwastam sun kama buhu 16 a filin jirgin saman Legas, cike da al'aurar jakuna 7,000 da za a kai Hong Kong. Kowace ɗaya jaki guda ke nan da aka raba da wani gida. Daga bisani, a Fabrairun 2024, shugabannin Tarayyar Afirka da suka taru a Adis Ababa suka amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya.

Na yi murna da wannan mataki, har na kira wani tsohon abokin aikina muka yi ta hamdala. Amma ni mai zuwa kasuwa ne. Har yanzu ina ganin tirela tana lodi, ana cusa jakuna kamar buhunan gawayi, za a yi kudu da su, inda akwai kasuwanni irin ta Ezzamgbo a jihar Ebonyi da suka yi suna da cinikin jaki. Mai sayen saniya yana son ta isa da ƙiba, don haka zai ba ta ruwa a hanya. Mai sayen jaki don fata bai damu ko ya isa da rai ba. Kwana biyu, uku a mota, ba ci ba sha, wanda ya faɗi a tattake shi, in an isa a feɗe har da mushen.

Akwai wata baiwar Allah a ƙauyen da matata ta fito, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da jaka ɗaya. Da jakar nan take ɗebo ruwa, ta yi itace, ranar kasuwa ta ba da haya. Wata safiya aka tashi babu ita a turke. Bayan kwana biyu makiyaya suka ga ungulu na zagaye a wani kwazazzabo, aka je aka tarar da gangar jiki, an feɗe fatar an tafi da ita. Da na je yi mata jaje, ta ce mini, "Malam, bayana aka sace." Kuɗin jaki ya ninka ya sake ninkawa, ba ta da halin sayen wata. 'Yarta ta fari, wadda ke aji biyar a firamare, ita ce yanzu ke ɗaukar jarka a ka, sahu uku kafin azahar. Makaranta sai dai labari. Mutanen Habasha, waɗanda suka fi kowa yawan jakuna a duniya, suna da wata magana cewa wanda ba shi da jaki shi ne jakin. A gidan matar nan na gane abin da suke nufi.

To ga abin da nake son masu karatu su lura da shi, don shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Muna son mu ɗora komai a kan 'yan Sin da dillalansu, mu wanke hannunmu. Amma fataucin fata da mikin da ke ƙarƙashin akumari a haɗe suke. A zamanin Baba, jakin da ya ji ciwo ba shi da mai saye, don haka dole ka yi jinyarsa in kana son ka ci abinci. Yau akwai mai saye da ba ya duba baya, ba ya duba kofato, ba ya duba haƙori. Saboda haka mai jakunan haya ya gano cewa ya fi masa riba ya tatse dabba har ta durƙushe, sannan ya kai ta kasuwa ya karɓi kuɗin fata. Talaka kuma da ba zai iya sayen sabo ba, sai ya ɗora aikin jaki biyu a kan ɗaya, ya sa mai ciki, ya sa ɗan ƙarami. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, aikin da a-kori-kura ke yi da yawa ya dawo kan amalanke. Jakuna na raguwa, aiki na ƙaruwa. Ko da an rufe kan iyaka gobe ba a sake fitar da fata ko ɗaya ba, dunin nan na ƙofar gidana yana nan da tsutsa a bayansa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Pakistan da Indiya jakuna ne ke jigilar bulo a wuraren gasa shi, cikin zafi da ƙura, masu su ma bashin mai wurin ya ɗaure su. A Bamako su ke jan amalanken sharar birni. A Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mai ya yi wuya, amalanken jaki ke kai ruwa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Bambancin shi ne a wasu wuraren an fara yin wani abu. Ƙungiyoyi irin su Brooke da SPANA suna koya wa masu jakuna ɗinkin shimfiɗa da yankan kofato, a Bishoftu ta Habasha kuma akwai asibitin jakuna a kwalejin likitancin dabbobi, ɗalibai suna koyo a kansu. Mu da muke da cibiyar binciken dabbobi a Shika da ta rigakafi a Vom, da sabuwar ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, ba mu rasa inda za mu fara ba. Roƙona gare su ƙarami ne: a ba jaki gurbinsa a takardar rahoto, a ƙirga shi, a sa shi a manhajar kwalejojin aikin gona da sunansa, in an fita rigakafin shanu a tafi da maganin tsutsar ciki da na sarƙewar haƙora don shi ma. Ƙananan hukumomi kuma, duk inda aka haƙa famfon burtsatse, a gina ɗan kwami a gefe. Bulo nawa zai ci?

Malamanmu na addini, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ma akwai naku. Na yi shekaru ina sallar Juma'a, na ji huɗuba a kan riba da gulma da tsadar aure, ban taɓa jin liman ya tsaya a kan haƙƙin dabbar aiki ba. Alhali a Suratun Nahli Allah ya ambaci jakuna tare da dawaki da alfadarai cikin ni'imomin da ya yi mana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau jaki mai suna Ufairu, har ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa. Ya wuce wani jaki da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, ya nemi mai shi ya ja masa kunne ya ji tsoron Allah, domin yana barin dabbar da yunwa yana kuma wahalar da ita. Yaron nan mai yashi almajiri ne, ya yi karatun allo, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sandar da yake kai wa fuskar jaki za a tambaye shi a kanta. In liman ya faɗa sau ɗaya, ya fi ni in faɗa sau ɗari.

Ga masu jakuna kuwa, 'yan'uwana, ba sai kun jira gwamnati ba. Miki ba ya son baƙin mai, ba ya son baƙin batir, ba ya son kashin shanu ko toka, ƙara ruɓar da shi suke yi. Ruwan da aka tafasa ya huce, lita guda da ƙaramin cokali biyu na gishiri, a wanke safe da yamma, a kore ƙuda, a bar shi ya sha iska. In dole ne ya yi aiki, a naɗa tsumma mai taushi kamar gammo a kewaye raunin yadda kaya ba za su taɓa shi ba. A bar lalas, a bar tsaga hanci, ba ya ƙara masa numfashi ko kaɗan. Kuma don Allah kada a yi wa jaki wanka da maganin kaska na shanu mai amitraz, yana ɗaure masa hanji har ya kashe shi; na ga wanda ya yi asarar biyu a mako guda ta wannan hanya, yana ganin gata ya yi musu. Shugabannin masu yashi da sarakunan kasuwa, ku da kuke iya tsayar da farashin sahu, kuna iya tsayar da girman mangala.

Shi dunin nan, na wanke masa raunin, na aske gashin gefe, na cire tsutsa 20 da wani abu da hantsaki, na fesa masa shuɗin maganin nan da ake cewa jibi. Na ce wa yaron ya bar mini shi a garkata mako uku, dusa da harawa a wuyana. Da yamma na taka har gidan mai jakunan. Ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini darduma, ya ce, "Malam, ai ka fi mu sani, duk yadda ka ce haka za a yi." Kwana huɗu jakin ya yi a wurina, ya fara cin abinci sosai, har ya yi birgima a tokar bayan madafa. A rana ta biyar, Laraba, ina masallaci aka aiko aka tafi da shi, wai za a kai shi ƙauye ya huta.

Washegari na je Maigatari. Can gefen da ake lodi na hango wani duni a cikin tirela, an matse shi a jikin ƙarfe, da shuɗin jibi a gadon baya, da askin da na yi masa da hannuna. Na tambayi dillali, ya ce an riga an biya.

Yaron yana nan yana kawo yashi da sauran biyun, kuma balas ɗin bai ragu ba. Sai dai yanzu in ya zo wucewa da safe yakan tsaya a ƙofata, ya ce, "Baba, ga su," ya ɗaga akumarin in duba. Na ba shi wani tsohon gwadon Baba da na ajiye, muna ɗinka na farko, mun kai rabi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
daga yankin Gumel, jihar Jigawa.